Jar Motar da Aka Yi wa Jinka a Buza

Tun da na dawo daga Tawa ban huta da tambaya ba. In na je rijiya a tare ni, in na je gidan suna a tare ni, har ƙawayen da muka zauna benci ɗaya a lakwal, makarantar boko, suna aiko ƙannensu su ji ko gaskiya ne na shiga jar motar nan, ko gaskiya ne tana gudu har numfashi ya ɗauke. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Sai dai ku sani ba sha'awar yawo ta fitar da ni daga Madawa ba. Kakata ce, Kaka Dije, mahaifiyar babana, wadda ke zaune a Keita. Gyambo ya kama mata ƙafa tun bara. An yi ganye, an yi sassaƙe, an yi tofi, abin sai faɗi yake ƙarawa. Likitan Tawa ya aiko cewa in an kawo ta da wuri ƙafar za ta tsira, in aka daɗe sai yankewa. Jaki ko raƙumi ba ta iya hawa da wannan ƙafa. Babana tafinta ne a bariki, ya roƙa aka yarda kamiyo, babbar motar da ke kai kaya Tawa, ya biya ya ɗauke ta, ta ƙi. Dalilinta kowa a gidanmu ya san shi. Ƙanen babana, Baba Idi, a cikin kamiyo mai rufin tamfol aka tafi da shi aikin dole shekarun baya. Tun a tsakiyar gari aka sauke tamfol ɗin, ko ɗaga hannunsa ba ta gani ba, kuma bai dawo ba. Daga ranar ta rantse ba za ta shiga abin da ke rufe mutum ya tafi da shi ba.

Ana cikin haka, ƙarshen damina, wata ranar kasuwa, motar ta shigo Madawa. Ja ce kamar jan barkonon da aka shanya a rana, doguwa, mai dogon hanci, ta kwanta ƙasa-ƙasa kamar damisa za ta sha ruwa. Kujera biyu rak gare ta. Masu albasa suka bar albasarsu, mahauta suka bar nama ga ƙudaje. Wanda ke tuƙi ya sauko da wando da wani gilashi mai zagaye a ido, ya cire hula, sai gashi ya zubo har kafaɗa. Kasuwa ta ɗauki salati. Mace ce. Sunanta Madam Karla, daga ƙasar Italiya. Mijinta ya bi hanyar Ƙonni da kamiyon da ke ɗauke da gangunan mai, za su haɗu a Tawa, ita kuwa tana so ta bi ta duwatsun Adar ta gwada motar. Tana neman mai jin Faransanci ya raka ta, matar kumandan, Baturen da ke mulkin bariki, ta ce mace ta fi dacewa, sai aka zaɓe ni.

Kowa na kallon jan launi, ni abu ɗaya na gani: ba ta da rufi. Sama ce rufinta.

Baba ya kira ni ya ce, "Mariyama, ki tahi ki ga kakarki, ki ƙara roƙonta. Amma ki ji ni da kyau, kada ki roƙi baƙuwa komi. Rakiya anka ce ki yi."

Na ce to. Abin da ke raina na naɗe shi na ajiye.

Mun tashi bayan azahar. Ba zan iya gaya muku yadda tashin yake ba sai dai in kwatanta. Da farko tana gurnani a ƙirji, ƙasa-ƙasa, kamar hadari yana nesa. Madam ta taɓa wani ƙarfe, muryar ta hau, sai na ji kujera ta rungume ni ta baya. Gonakin gero suka daina zama gonaki, suka zama kogi mai gudu ta hagu da dama. Kallabina ya tashi tun ba mu bar bayan gari ba, ina jin yana can bisa wata ƙaya har yau. Na so in ji tsoro, sai na ji ina dariya, hawaye na bin kunnuwana maimakon kumatu.

Da hanya ta lalace muka rage gudu, sai ta fara ba ni labarin motar, da Faransancinta mai rausaya kamar tana waƙa. Ta ce injin an fara yin irinsa ne don tsere. A ƙasarsu samari na tseren mota a hanyoyin dutse masu lauje-lauje, gari ya fito kallo kamar yadda muke fita kallon kokawa. Daga baya masu hali suka ce su ma suna son wannan zuciya, amma a jikin da mutum zai zauna da matarsa ba tare da ya karye ba. Sai masu sana'a irin mahaifinta suka shiga yi wa injin riga. Ta ce da hannu ake yi. A sassaƙa siffar motar da itace, a ɗora fallen ƙarfe a kai, maƙera su yi ta bugu da guduma wata da watanni har ya kwanta. Na farko-farko masu nauyi ne, ƙarfe da katako. Kowace shekara mahaifinta yakan zagaya motar da ya gama, ya tambayi kansa me zai cire. A ƙarshe ya koma ƙera ƙashinta da siraran bututu, ya lulluɓe da sanholo.

Na ce, "Kamar bukkar Buzaye ke nan, ƴan sanduna a lanƙwasa, a ɗora tabarma."

Ta buga sitiyari ta ce haka ne, sai ta gaya wa tsohon in ta koma.

Na tambaye ta rufin. Ta nuna mini bayan kujeru, ga shi nan naɗe, na zane mai kauri, in ana ruwa a ja shi. Amma ta ce ba ta son sa. A ƙasarsu rana baƙuwa ce, watanni kaɗan take yi ta tafi, saboda haka mai kuɗi shi ne ke sayen motar da za ta bar shi a rana. Na yi ta juya abin a raina. Mu nan ana gane mai hali da faɗin inuwarsa.

Kusa da Azarori muka tarar da korama, ruwan ya janye ya bar yashi mai laushi. Motar ta shiga da ƙarfinta, ta tsaya a tsakiya, cikinta ya zauna. Madam ta sauko tana faɗin kalmomin da na gode Allah ba a koya mana su a lakwal ba. Manoma suka fito daga cikin gero da laujensu. Wani dattijo mai faɗin kafaɗa ya zagaya ta, ya sa hannu ƙarƙashin hancinta ya gwada, sai ya dube ni.

"Ke ɗiya, wagga aba ciki gare ta ko hanko ce? Ai ko tsohuwar saniya ta hi ta gardama."

Suka kewaye ta, ɗaya ya ba da waƙar aiki, suka ɗaga bayanta suna turawa har ta taka ƙasa mai ƙarfi. Madam ta cika da alfahari kamar ita aka yaba, ta ce, "Kin gani? Abin da babana ya cire ne ya fitar da mu." Ta ciro kuɗi, dattijon ya ja da baya kamar an nuna masa wuta. Abin da suka roƙa ɗaya ne, ta sake busa ƙahon motar su ji. Ta busa, yara suka watse cikin gona, manya suka riƙe ciki.

Wannan tsaiko ya sa rana ta yi ja kafin mu hau tudun Buza. A nan Gwaggo Hajo take aure, ƙanwar babana, gidanta muka sauka. Mijinta Baba Alu manomi ne mai rumbuna da yawa, mutumin da in baƙo ya kwana gidansa sai garin duka ya sani. Aka share wa Madam ɗaki, aka kawo fura da nono, sannan tuwon gero da miyar kuɓewa da zabo. Ta wanke hannu ta yi yadda na yi, miyar na zarewa tana bin ta har gwiwar hannu, matan gida na leƙe suna ƙunshe dariya. Da aka ba ta cuku ta gutsura, ta rufe ido, ta ce ya tuna mata na garinsu. Ita ma ta dafa mana nata abincin, wata doguwar taliya siririya. Gwaggo ta ɗaga sili ɗaya ta dube shi da kyau, ta ce, "Ki ce mata mun gode, yara za su ci."

Matan suka yi ta tambaya ina fassarawa. Ina mijinta? Ya yarda ta yi tafiya ita kaɗai? Ɗiya nawa gare ta? Da suka ga yadda rana ta gasa mata fuska da wuya har fatar na saɓa, Gwaggo ta kama haɓa.

"Wayyo baiwar Allah. Mota har mota, kuɗin ruhi ne ba su kai ba?"

Na buɗe baki in yi bayani, aka kira ni in zuba wa Madam ruwa, maganar ta wuce. Ban san Baba Alu na zaure yana ji ba.

Da safe ihun Madam ya fito da ni. Na ruga ƙofar gida. Jar motar tana nan inda muka bar ta, amma an yi mata jinka. Sabuwar jinka ta shuci, mai tsini, irin ta ƙaramin rumbu, an ɗora ta bisa sanduna huɗu da aka ɗaure a jikin motar da igiyar kaba. Tun asuba Baba Alu ya tara maƙwabta suka yi aikin. Suna tsaye gefe, shuci a gashinsu, suna jiran a yaba.

Madam ta kama kai. "Wa ya yi wannan? Fentin! Mariyama, ce musu su cire yanzu-yanzu!"

Baba Alu ya matso yana murmushi. "Mi ta ce?"

Na ce masa ina zuwa. Na ja ta gefe na gaya mata cewa sun ga rana ta ƙone ta, sun ɗauka rashi ne, kuma a wurinmu abin kunya ne baƙo ya bar gidanka da wata buƙata da kake iya biya. Na ce in ta cire a gabansu, Baba Alu ba zai iya zama a dandali ba har shekara. In kuma ta ja nata rufin ta nuna musu, ya fi muni, ta mayar da su wawaye.

Ta je ta duba inda igiya ta taɓa jikin motar, sai ta ga duk wurin da aka ɗaure an fara naɗa tsumma mai laushi. Gwaggo ce ta yayyaga tsohon zanenta. Madam ta daɗe tana shafa tsumman nan da yatsa. Sannan ta juya ta kama hannun Baba Alu da hannu biyu, ta faɗi kalmar da na koya mata a hanya, "Na gode." Mata suka rangaɗa guɗa.

Haka muka bar Buza a hankali, jinka na rawa a kanmu. Duk gonar da muka wuce sai an miƙe. Wata mata mai ɗauke da tulu ta yi ihu, "Jama'a, rumbu ya tsere!" Madam ta tambayi abin da ta ce, na gaya mata, ta yi dariya har ta kusa sauka daga hanya.

Abin da ban zata ba shi ne ta so jinkar. Da rana ta ɗaga ta ji inuwa da ƙamshin sabon shuci, ta ce babanta bai taɓa yin rufi mai sanyin wannan ba, da ita za ta shiga Tawa mijinta ya ɗauke ta hoto. Ga duwatsun Keita sun fara fitowa, masu shimfiɗaɗɗen kai kamar an yanke su da wuƙa. In Kaka ta ga motar da abu a kanta, ko kusa ba za ta zo ba. Kuma ni har lokacin ban roƙi komai ba.

Na tuna gargaɗin Baba, na tuna ƙafar Kaka. Na ce, "Madam, ina da magana."

Ta tsaya ƙarƙashin wani gawo. Na gaya mata duka, gyambon, da likitan Tawa, da Baba Idi, da tamfol. Na ce babana ya hana ni roƙonta, in ta ƙi ba laifi. Ba ta dube ni ba, tana kallon hanya. Ta ce ita ma tana da ƙane a soja, an kai shi wata ƙasa mai nisa, uwarsu ba ta barci. Sai ta sauka ta fara kwance igiya. Muka sauke jinkar mu biyu, muka kai ta bakin wata rijiya inda matan Fulani ke shayar da awaki, suka karɓa suna mamakin Baturiyar da ke rabon inuwa.

Mun tarar da Kaka zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙafar naɗe da ƙyalle, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Amma bakin yana nan.

"A'a, ƴar lakwal! Ina kallabinki? Ko karatun ya kai inda ake tahiya da kai waje?"

"Iska ta ɗauke shi, tsohuwa. Na zo in tahi da ke."

"Ubanki ya aiko ki? Ki koma ki ce mai, ƙahwata ce, in ta ruɓe tawa ce."

"Ki zo dai ki ga abin da na zo da shi."

Aka riƙo ta zuwa ƙofar gida. Ta tsaya ta dubi motar, ta dubi Madam, ta sake duban motar. Ta zagaya ta tana ɗingishi da sandarta, ta leƙa ciki, ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Ba a gama ta ba?"

"An gama. Haka anka yi ta, don wanda ke ciki shi ga kowa, kowa shi gan shi."

"In na ce ta tsaya, tana tsayawa?"

Na fassara. Madam ta ɗora hannu a ƙirji ta ce ko sau ɗari ne.

Sai sandar Kaka ta sauka a kan naɗaɗɗen zanen da ke bayan kujeru. "Wanga hwa mine ne?"

Kaka ba a yi mata ƙarya, ta goye ni. Na ce, "Ruhi ne. In ana ruwa ake jawo shi."

Ta janye sandar kamar ta taɓa maciji, ta juya za ta koma gida. "Na sani. Duk haka suke. Sai ka shiga."

Na sha gabanta. "Kaka, kujera biyu ce, ke da Madam. Ni bisa wanga ruhi za ni zamna tun daga nan har Tawa. Wanda ka son ruhe ki sai ya ɗaga ni tukuna."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Da ba ki kai nauyin budurwar kaza ba?"

"Tuwonki na ci na girma. In ban yi nauyi ba laihin wa?"

Maƙwabtan da suka taru suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallona, leɓenta na motsi, sannan ta ce a ɗauko mata zanenta na saƙi da tasbaha. Ta kuma kafa sharaɗi, ba za a fita da ita a guje ba, sai an bi da ita ta tsakiyar gari.

Muka sa mata matashi ƙarƙashin ƙafar, na hau baya na zauna bisa rufin, hannuwana a kafaɗunta. Motar da aka ƙera don tsere ta ratsa Keita da tafiyar tsohon jaki, Madam ko tsaki ba ta yi ba. Kaka na zaune miƙe, tana kiran mutane da sunansu.

"Tsahara, kin gan ni? Tawa za ni, wurin likita! Malam Bube, ka shaida, da ƙahwata na shiga! A ba awakina dusa!"

Kowa na amsawa, "Mun gan ki, Dije! Allah shi maido ki lahiya!" Yara na bin mu, mata na fitowa da muciya a hannu. Ban taɓa ganin an raka mutum haka ba, kuma sai a lokacin na gane abin da aka hana ta ranar da aka tafi da ɗanta.

Sauran kun ji shi a bakin mutane. Likita ya kankare ciwon, ƙafar ta tsira, Kaka na gidanmu yanzu tana faɗa da kowa a kan gishirin miya. Madam ta wuce arewa da mijinta, ban san ko za mu sake ganawa ba. Nakan sa ta a addu'a, ita da tsohon da ke zagaya motarsa yana neman abin da zai cire, da manoman Azarori, da Baba Alu wanda har yau yake faɗi a dandali cewa jinkarsa ta kai ƙasar Turawa. Don Allah wadda ta karanta wannan kada ta gyara masa.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa a rijiya ba. Bayan Keita, inda hanya ke shiga tsakanin duwatsu biyu gari ya ɓace, Kaka ta ɗaga hannu ta ce a tsaya. Madam ta tsaya, ta kashe injin. Kwari ne a gabanmu shimfiɗe, dawa ta nuna, wani ɗan tafki na walƙiya can ƙasa, balbelu sun sauka a bakinsa. Tsawon shekarun nan iyakar idon Kaka ke nan, bakin duwatsun nan, inda kamiyon ya shige.

Ta yi ta kallo, daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, kamar mai tsintar hatsi. Na ji kafaɗunta na rawa a tafin hannuna.

"Ashe haka bayan dutsen yake," ta ce. "Idi bai gani ba. An ruhe su."

Madam ba ta nemi fassara ba.

Kaka ta share fuska da gefen zanenta, ta gyara zama, ta buga ƙofar motar da tafin hannu.

"To, na gane mai da idona. Ce ma ɗiyar mutane ta sake ta. In ji gudun nan da ake hwaɗi."